Ginshiƙai Huɗu na Baba Bukar

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Bukar, wanda mutanen Fagge da Sabon Gari suka fi sani da Baba Mai Makulli. A farkon damina ya rasu, da hantsi, kwana biyu bayan ruwan farko. Duk shekara idan lokacin ya zagayo mukan taru a gida mu yi masa addu'a, a raba waina, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa tunanin rubuta wani abu a kansa a jarida ba, don shi ba mutumin jarida ba ne. In ka ga jarida a hannunsa, to gilashin taga zai goge. Amma bana na ga shiru ba zai yiwu ba, saboda bara saura ƙiris a rushe ginin da ya ba wa shekara talatin da ɗaya na rayuwarsa, kuma har yau akwai masu jin haushin cewa ba a rushe ɗin ba. Da su nake, kuma ba rarrashi na zo yi ba.

Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san ginin da muke kira Mai Ƙafafu, ko da bai taɓa taka matakalarsa ba. Gab da tafiyar Turawa aka gina shi, a daidai inda Fagge ta ƙare Sabon Gari ta fara. Siminti ne zalla, ba zane ba ado, hawa biyu a kan dogayen ginshiƙai, ƙasan kuwa a buɗe, iska da mutane da awaki kowa na ratsawa. Bangon gabas da na yamma na bulo ne mai huji-huji, rufin kuma shimfiɗaɗɗen siminti, ba kwano ba. Kakata takan ce Turawa sun ga rumbu a kan duwatsu ne suka kwaikwaya, sai dai sun manta da hatsin. A sama ake rajistar haihuwa, a yi allurar rigakafi, a yanki lasin keke. Akwai ɗakin karatu, akwai zauren taro. A ƙasa kuma, cikin inuwar ginshiƙan, masu rubuta wasiƙa da masu abinci da duk wanda rana ta koro suke zama, ba mai tambayar ka daga ina kake.

Kakanmu daga Barno ya zo da fataucin kanwa, ya zauna a Fagge, a nan aka haifi Baba. Yana saurayi ya samu aikin kula da wannan gini. Ba abin da ya tsana kamar a kira shi maigadi. Ba don ya raina gadi ba ne, a'a, cewa yake ba aikinsa ba ne. Maigadi ɓarawo yake tsaro, in ji shi, shi kuwa ruwa yake tsaro. Mutane sukan yi dariya su ɗauka barkwanci ne, har da mu 'ya'yansa.

Ga abin da yake nufi. Rufin Mai Ƙafafu ba waje yake zubar da ruwa ba. In ka zagaya ginin ba za ka ga indararo ko ɗaya ba. Rufin a karkace yake zuwa tsakiya, kamar faranti, kuma ruwan sama ta cikin ginshiƙai huɗu yake sauka, don an binne bututu a cikinsu tun ana zuba siminti. A gindin kowanne akwai wata kafa da ba ta fi tafin hannu ba, ta nan ruwan yake fita ya bi lambatu. Sauran ginshiƙan duk toshe suke, kuma da ido ba za ka bambance su ba.

Kowace shekara, da hadari ya fara haɗuwa, Baba yakan hau rufin da tsintsiya da doguwar waya da bokiti. Ya share ganyen darbejiya da ƙurar rani, ya zura waya a bakin kowane bututu, sannan ya zuba ruwa bokiti guda. Amma daga sama ba ya ganin ko ruwan ya fita a ƙasa, kuma ba zai yi ta hawa da sauka sau huɗu ba. To a nan Iya Sikira ta shigo. Bayarabiya ce haifaffiyar Sabon Gari, tana sayar da amala da shinkafa a ƙarƙashin ginin tun ban yi wayo ba. In ruwan ya fito sai ta sunkuya ta kafa baki a kafar ta ce, "Ya iso, Bukar." Muryar takan bi bututun ta hau har rufi, ya ji ta sarai kamar tana gefensa. Sai ya matsa baki na biyu. Ladarta kuwa ruwan damina, don a nan take tarar na wanke tukwanenta. Shekara da shekaru haka suka yi, ba wanda ya rubuta wannan a cikin aikin kowa.

Ina yarinya, in ana ruwa, nakan manna kunnena a jikin ginshiƙin in ji ruwa yana gudu a cikin siminti. Ƙawayena ba su yarda ba sai da na kai su ɗaya bayan ɗaya.

Daga baya ofisoshin suka koma sabuwar sakatariya. Aka kwashe kujeru da fayil-fayil, aka sallami Baba, aka garƙame ƙofar bene da sarƙa. Makullan da ake masa laƙabi da su ma sai da ya miƙa. Amma akwai wani tsani na ƙarfe ta baya da ke kaiwa rufi, kuma ba wanda ya tuna da shi. Shekara takwas Baba yana hawa ta nan kafin kowace damina, ba albashi, ba sannu da aiki. Mahaifiyarmu ta yi faɗa har ta gaji. Ni ma na yi, don lokacin na zama malamar makaranta, ina ganin na san abin da ya dace da dattijo. Na ce masa waɗanda suka gina abin sun tafi, waɗanda suka gada sun yar, shi me ya dame shi. Ya ce ruwa bai san an tashi daga ofis ba. A shekarar da ya rasu ma ya hau. Ya sauko yana haki, ya kwanta, aka yi ruwan farko yana jin sa a kan kwanon ɗakinsa, bai ƙara tashi ba. Na daɗe ina jin haushin ginin nan, ba zan ɓoye ba. Shekaru da yawa in na zo wucewa ta wajen, kau da kai nake yi.

Ginin ya zauna a kulle, jemagu a sama, masu faci a ƙasa. Sai shekara uku da suka wuce hukuma ta ba wa wani ɗan kasuwa, Alhaji Nasidi, hayarsa ta dogon lokaci. Shi kuma ya ce ba zai rushe ba, zai gyara ya raba shi. Ƙasa aka yanka shaguna tsakanin ginshiƙai, aka bar hanya a tsakiya. Hawa na ɗaya ya zama ofisoshi, da ɗakin gwajin jini, da wurin koyon kwamfuta. Hawa na biyu aka mayar da rabinsa ɗakunan kwana na haya, aka bar zauren taron yadda yake. Ni da na yi ritaya ina neman inda zan buɗe ajin karatu na matan aure da ba su samu yi da ƙuruciya ba, sai na tsinci kaina a tsohon ɗakin rajistar haihuwa, inda aka rubuta sunana ina jaririya. Ranar da na fara hawa matakalar nan sai da na tsaya a tsakiya na share hawaye, haushin da nake ji kuma ban san inda ya tafi ba.

Da an tambaye ni lokacin gyaran, da na faɗa. Ba wanda ya tambaya, ni ma kuma ban lura ba, wannan laifina ne kuma na ɗauka. Zanen ginin na asali ya ɓata, wasu sun ce gara ta cinye. Masu gyara suka ga ba indararo, suka huda bango ta gefe suka saka bututun roba, alhali rufin tsakiya yake tura ruwa, ba gefe ba. A ƙasa kuma suka ɗaga daɓen shaguna, suka ga ramuka huɗu a gindin ginshiƙai, suka ce ramin ɓera ne. Suka cika su da siminti, suka bi da tayil mai sheƙi. Aikin ya yi kyau ƙwarai a ido.

Daminar farko aka yi ta da ɗigo nan da can, aka ce sabon gyara ne, zai zauna. Bara kuwa, da ruwa ya kankama, sai rufin ya zama tafki. Silin ya fara zubowa a ɗakunan haya. Bango ya yi baƙi, fenti ya kumbura. A ajina da robobin wanki muke karatu, mata na rubutu suna janye littafi daga ɗigo. Alhaji Nasidi ya kira injiniya, wani matashi mai ladabi, ya duba ya ce simintin ya tsufa, ya sha ruwa, ginin ya gama wa'adinsa. Zai rubuta rahoto, in ya rubuta kuwa kowa sai ya tashi. Nan da nan masu son a rushe suka samu bakin magana. Dama tun farko suna zuga Alhaji cewa fili irin wannan, kusa da kasuwa, bene mai hawa biyar na gilashi ya dace da shi, ba wannan tsohon akwati ba.

Aka tara mu masu haya a zauren taro wata Asabar bayan azahar, robobi jere a tsakaninmu. Injiniya ya yi bayani, ya nuna mana hotunan rufin cike da ruwa. Ina ganin hoton na gane matsalar, don ruwan a tsakiya ya taru, daidai inda Baba yake tsugunawa da bokitinsa. Na ɗaga hannu na tambaye shi ko ya hau rufin da ƙafarsa. Ya ce ba buƙata, ya tura ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto. Na ce to ginin nan ba tsufa ke damun sa ba, toshe masa hanya aka yi, ruwansa ta cikin ginshiƙai yake bi. Wani daga baya ya yi dariya. Injiniya bai yi ba, amma ya yi abin da ya fi dariya ciwo, ya yi mini magana a hankali kamar mai lallaɓa maras lafiya.

"Hajiya, na san kina ƙaunar wurin nan. Amma ba na aiki da labari. Ina takarda?"

"Takarda gara ta ci," na ce masa. "Shaidata tana Sabon Gari, da ranta. Ka ba ni zuwa gobe."

Na san ginshiƙai huɗu ne, amma shaguna sun canza wurin har na kasa rantsewa a kan ko waɗanne ne. In na sa aka fasa tayil ɗin mutum ba a samu komai ba, magana ta ƙare, ginin ma ya ƙare. Shi ya sa na tafi wajen Iya Sikira. Ta haura tamanin, ta daina sana'a tuntuni, idonta ya yi rauni, amma bakinta yana nan yadda na san shi. Da na gama ba ta labari sai ta ce wato duk masu digirin nan ba wanda ya tambayi inda ruwa yake bi. Ta ce a miƙo mata mayafinta.

Washegari da safe muka zo a adaidaita sahu. Alhaji Nasidi yana nan, injiniya yana nan, da wani birkila riƙe da guduma da kurfi. Iya ta tsaya a tsakiyar shagunan tana dube-dube, fitilu da gilasai ko'ina, na ga alamar ta rikice. Sai ta ce a kai ta gindin matakala. Ta juya wa matakalar baya, kamar yadda take zama da tukwanenta shekara da shekaru, ta lumshe ido, ta miƙa hannun dama. Hannun ya nuna cikin wani shagon sayar da waya, inda aka lulluɓe ginshiƙin da madubi aka rataya masa caja. Mai shagon ya dube mu, ya dubi kwalayensa da danshi ya riga ya lalata, ya ce a fasa.

Birkila ya cire madubi, ya ɗaga tayil, ya fara sara. Sara ya yi nisa ba komai sai ƙura, har na ji mai dariyar jiya yana gyaran murya. Sai simintin ya yi duhu. Sai ya fara gumi. Bugu ɗaya bayan nan toshiyar ta yi tsalle, wani baƙin ruwa mai wari ya feso da ƙarfi, da ruɓaɓɓen ganyen darbejiya, ya bugi kantar mai waya ya fita ta ƙofar shago har titi. Ya jiƙa wa injiniya wando har gwiwa, bai matsa ba, yana tsaye yana kallo. Iya Sikira ta ce saura uku, kuma ta gaji da tsayuwa, a kawo mata kujera.

Kafin la'asar an buɗe duka huɗun, rufin ya tsane. Zan yi wa injiniyan nan adalci. Ya hau rufin da ƙafarsa a ranar, ya dawo ya sake gwada simintin, ya ce akwai wurare biyu da ruwa ya ci ƙarfe sai an gyara, amma ginin lafiyarsa ƙalau. Ya zo har ajina da littafi ya ce in gaya masa duk abin da Baba yake yi. Na gaya masa, har da hujin bangon da suka fara liƙewa don saka na'urar sanyi, wanda in wuta ta ɗauke shi kaɗai ke hana hawa na biyu zama tanda. An bar sauran a buɗe.

To yanzu ga amsata ga mutum iri biyu. Masu cewa a rushe, mummuna ne, kayan Turawa ne: Turawa sun zana, amma kakanninmu ne suka ɗauki simintin a ka, mu aka yi wa rajista a ciki, mu muka sha inuwarsa. Ba ku san ta inda yake zubar da ruwa ba, amma kun san ya mutu. Ku fara koyon abu kafin ku yanke masa hukunci. Sai kuma masu zuwa su riƙe haɓa su ce kaico, an mayar da gidan hukuma kasuwa, an zubar masa da mutunci. Ina kuke shekarun da jemagu ke kwana a ɗakin karatu? Ban ga ɗayanku a kan tsanin bayan nan ba. Ginin da mai waya da mai gwajin jini da matan ajina da masu haya ke hawa da sauka a cikinsa ya fi mini wanda aka kulle don girmamawa. Da ba mutane a ciki, ba wanda zai ga ɗigon ma, balle a yi gardama a kansa.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga wurin yau. Na san zai yi tsaki a kan madubin da aka manna wa ginshiƙi. Zai yi faɗa a kan ƙarar janareto, zai ce an cinye inuwar talakawa da shaguna, kuma a nan ina bayansa, shi ya sa muka matsa har aka ajiye benci biyu da randa a hanyar tsakiya. Amma ina jin da ya ga shanya a tagar hawa na biyu, ya ji ƙamshin girki yana saukowa ta matakala, zai yi wannan ɗan murmushin nasa na gefen baki. Bai taɓa son ginin don kyansa ba. Cewa yake abin da mutane ke shiga ba a barin sa ya lalace.

Bai bar mana gida na biyu ba, bai bar gona ba. A sabon allon da aka kafa a ƙofar ginin akwai sunan wanda ya gyara da wanda ya buɗe, babu nasa, kuma ban roƙa a saka ba. Abin da na roƙa an yi: an rubuta a yarjejeniyar kowane mai haya cewa kafofin nan huɗu ba mai rufe su, an sa musu murfin ƙarfe mai raga, kuma kafin kowace damina sai an hau an share an gwada. Abin da ya rage na Baba ke nan, aikin da ya yi shekara takwas ba wanda ya sa shi, yanzu ya zama dole a kan masu digiri da masu dukiya. Ni wannan ya ishe ni.

Makon jiya hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Alhaji ya ce zai turo ma'aikata, na ce su zo su share, amma bokitin farko ni zan zuba. 'Ya'yana suka ce da wannan gwiwar tawa, na ce da ita. Yanzu an buɗe ƙofar rufi ta cikin bene, ba sai ta tsani ba, duk da haka sai da na huta sau uku. Iya Sikira tana ƙasa a kan kujera, a gindin ginshiƙin shagon waya, ta ƙi yarda kowa ya karɓe ta. Injiniya ya ce zai kira ni a waya in ruwan ya fito. Ta ce ya ajiye wayarsa.

Na tsuguna a tsakiyar rufin, na juye bokitin, na kasa kunne a bakin bututu. Na ji ruwan yana gangarawa cikin siminti, kamar yadda nake ji ina yarinya. Sai shiru. Can sai muryar tsohuwa ta biyo bututun ta hau, a dishe, amma sarai.

"Ya iso, Bukar."

Ban gyara mata ba. Na ɗauki bokitina na matsa baki na biyu.